Gawo ya dawo gona, garmani ya cinye burtali

 

Yau filin namu zai bar Yamai da maganganunta, ya nufi gabas, ƙasar Korgom cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, inda wata hidimar dangi ta kai ni bayan an gama girbi. Duk wanda ya tashi daga Tasawa ya yi kudu wajen iyakar Najeriya, abin da zai fara cika masa ido shi ne itatuwan da ke cikin gonaki: gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya, waɗansu sun girma, waɗansu suna tasowa, kowane an rage masa rassa an bar masa sanda ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Dattawan wurin suna cewa shekaru arba'in da suka wuce mutum yana iya tsayawa bakin gari ya hango garin gaba, babu abin da ya tare masa gani. Yau ba haka ba ne, kuma wannan abin godiya ne ga Allah.

To amma wata yamma na fita tare da wani dattijo maƙwabcin masaukina, mai ƴan shanu da awaki, muka bi burtalin da dabbobin garin ke bi zuwa mashaya. Gonaki sun matse shi dama da hagu, har akwai inda amalanke biyu ba za su wuce juna ba sai ɗaya ta tsaya. Cikinsa kuwa babu gamba, babu kyasuwa, babu gadagi; abin da ke nan busasshen garmani ne, daga nan har iyakar gani. Na ce masa, "Baba, ina hakin ya tafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, haki yana bisa runfunan masu kuɗi, sai bazara zai sauko da farashinsa."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun yau. Ƙasar da take da mai ita ta farfaɗo, ƙasar da ta zama ta kowa tana mutuwa, kuma mu masu karanta wannan jarida, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, muna da hannu cikin lamarin fiye da yadda muke zato.

Yadda daji ya ƙare

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu san yadda aka zo nan. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗan kai a Nijar. Ta 1988 ta samu miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17, kuma jihar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 400 a cikinsu. Mutane sun ninka fiye da sau uku cikin shekaru 35, ƙasa kuwa ko taƙi ɗaya ba ta ƙaru ba. Kudancin Tasawa, inda Korgom take, yana cikin wuraren da jama'a ta fi cunkushewa, domin can ne ruwan sama ya fi na arewa ɗan dama, ko da yake shi ma da wuya ya wuce milimita 500 sosai a shekara.

A zamanin kakanninmu manomi yana noma gona shekaru kaɗan, in ta gaji ya bar ta ta zama saura, ya share wata. Saurar nan ita ce makiyayar dabbobin gari, kuma cikinta ne ƙasa take hutawa, itatuwa su tofo, ciyawa ta zubar da iri. Zamanin gyaɗa ya zo, tun Turawa har bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, aka yi ta sheme daji don a samu kuɗin haraji da na aure. Gyaɗa ta faɗi bayan farin 1973 da cutar da ta kama ta a 1975, amma dajin da aka share bai dawo ba, hatsi ne ya maye wurin gyaɗa. Gado ya rarraba gonaki, saura ta ɓace, manomi ya shiga hurumin kiwo, daga nan ya shiga burtali, kowace damana kunya ɗaya ko biyu.

Arewa ma ba ta tsira ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma, ta ce abin da ke arewa da ita na makiyaya ne. An daɗe da tsallake wannan iyaka, gonaki sun kai har kwarin Tarka sun wuce. Sannan farin 1984 ya zo, shekarar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin. Shanu suka mutu, magidanta suka sare abin da ya rage na itace suka kai kasuwa don su sayi tiyar hatsi. A watan Mayu na wannan shekara ce shugaba Seyni Kunce ya tara ƙasa a Maraɗi don muhawara kan gurgusowar hamada, aka fito da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi.

Yadda gawo ya dawo

Gwamnati ta ɗauki hanyar dashe. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, an kafa gandaye, an raba dogon yaro. Waɗansu sun rayu, musamman cikin garuruwa da bakin hanyoyi, amma mafi yawan abin da aka dasa a fili awaki da ƙishirwa sun gama da shi. Abin da ya juya lamari ya fito ne daga gona. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tofon manyan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke raye cikin ƙasa. In an zaɓi sanda ɗaya ko biyu an bar su, an datse sauran, cikin shekaru uku ko huɗu sai ga itace tsaye, ba da sayen iri ba, ba da ban ruwa ba. Shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sun sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen wuta, ga ganyen dabbobi, sai maƙwabta suka yi koyi. A ƙasar Matamai da Magarya kuwa, gabas da Korgom, manoma da kansu suka cika gonakinsu da gawo.

Gawo ba baƙo ba ne wurin Bahaushe. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ya tofo da rani, lokacin da dabba ke son inuwa. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin tumaki ne a tsakiyar bazara. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Abin da ya raba manomi da itace doka ce. Dokar daji ta Turawa ta 1935, da tamu ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itace ya zama abin hukuma, har wanda ke tsakiyar gonarka. Manomi ya ga in ya bar gawo ya girma, ranar da ya taɓa reshensa ma'aikatan gandun daji za su ci shi tara, don haka sai ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta wannan riƙo, mutane suka gane cewa wanda ya raini itace shi zai ci amfaninsa, sai itace ya dawo. Dokar daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, kuma dokar 30 ga Yuli 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina.

Masu bincike na Nijar da na waje, da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta, da itatuwa kamar miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 an ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo. Duniya ta zo tana kallonmu, kuma mun cancanci yabon. Sai dai baƙin da ake kawowa gona ake kai su, ba a bi da su ta burtali.

Me ya sa burtali bai dawo ba

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garmani ba shi ne ya kashe burtali ba, ya tarar da shi a kwance ne. Ga yadda abin yake faruwa. In fili ya ragu dabbobi ba su ragu ba, ciyawar da suka fi so ita ce za su fara gamawa da ita. Gamba, wadda saiwarta ke daɗewa shekara da shekaru tana riƙe ƙasa, ana cinye ta tun tana tofo, ba ta kai ga fitar da iri ba. Bayanta gadagi da kyasuwa su bi. Abin da ya tsira ya bushe, sai mai manjagara ya zo ya kwashe shi har ƙasa, ya tafi da haki da irin da ke cikinsa. Ƙasa ta zauna tsirara wata bakwai, iskar hunturu da guguwar bazara su ɗauke ƙurar da ke da albarka, kofato ya daddaɓe sauran. Ruwan farko in ya sauka, a kan faƙo yake sauka, ya gudu ya yanka kwazazzabo. A irin wannan wuri ne garmani ke jin daɗi: dabba ba ta damu da shi ba, yana zuba iri da yawa, yana rufe ƙasa ya hana wata ciyawa fitowa, kuma garke da ruwa suna kai irinsa gaba.

Masana suna da dogon suna na Faransanci ga abin da ake asara a nan, amma ma'anarsa mai sauƙi ce: yawan ire-iren tsirrai da halittun da ke zaune wuri ɗaya. Makiyayi ya san darajar wannan tun kafin a rubuta shi cikin littafi, domin kowane tsiro da lokacinsa. Akwai ciyawar da ke fita da ruwan farko ta ceci saniyar da ta rame, akwai wadda ke jure rani, akwai mai sa nono. In haki ya ƙare akwai ganyen aduwa da jiga da ƴaƴan gawo da na bagaruwa. In hatsi ya ƙare wa mutum akwai anza da tafasa da goruba. Ina ɗan koleji a 2005, bayan fara da fari sun haɗu a kan daminar 2004, kuma na ga da idona matan ƙauye suna jiƙa dilo kwana da kwanaki don su fitar da ɗacinsa su ba yara. Garuruwan da ke da itatuwa sun fi jure wannan shekara, domin suna da abin sayarwa da abin tsinka. Filin da ya koma garmani zalla kamar kantin da ke sayar da kaya iri ɗaya ne, kuma kayan da babu mai so.

Naman daji kuwa sai labari. Barewa, jimina, tuje da zabin daji da tsofaffi ke ba da labarinsu sun bar wannan yanki. Wanda ke son ganin abin da ya rage sai ya tafi Gadabeji a arewacin jihar, gandun da aka keɓe tun 1955, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2017, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Raƙuman nan sun ragu har kusan 50 a 1996, aka tsare su, suka haura 600. Wannan ya nuna cewa abin da aka sa wa ido yana dawowa.

Haka labarin yake a Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, wanda sunansa ma daga kaba ya samo shi. Goruba ita ce arzikin wannan kwari: tabarma, igiya, faifai da kwando duk daga ganyenta suke, kuma dubban mata da ita suke cefane. Amma kaba ƙaramar goruba ce. In ana yanke ta kowane wata tun tana ƙasa, ba za ta taɓa tashi ta zama itace ba. Shi ya sa mai tafiya cikin gulbin yake ganin tsofaffin goruba tsaye, ga kaba shimfiɗe a ƙasa, amma matasan da za su gaji tsofaffin sun yi ƙaranci. Garin da ke da tsofaffi da jarirai babu samari, kowa ya san makomarsa.

Doka tana nan

Kada wani ya ce babu doka. Ranar 30 ga Oktoba 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, rikicin ɓarnar gona a Toda ta ƙasar Gidan Runji ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Wannan jini yana cikin abin da ya sa ƙasa ta gane cewa maganar fili ba abin wasa ba ce. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fito da dokar tsarin karkara, wadda ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, a gunduma, a ƙaramar hukuma da kuma a ƙauye, inda sarakuna, ma'aikata, manoma, makiyaya, mata da matasa ke zama tare. Daga 1998 wani shiri da ƙasar Suwis ta tallafa, PASEL, ya bi burtulan jihar Maraɗi yana kafa turakun siminti bayan an yi sulhu da masu gonaki. Ranar 20 ga Mayu 2010 aka fito da dokar kiwo, wadda ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna nema. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta ce burtali da hurumi da mashaya ba a mallakarsu, ba a sayar da su, ta sa hukunci ga mai toshe su, ta kuma sa ƙa'ida ga kwasar haki na sayarwa da ranar sakin gonaki.

Takarda ta yi kyau. Amma turken siminti ba ya ihu in an tuge shi. Na ga turke a tsakiyar gonar wake, garma ta kewaye shi kamar kabarin waliyyi. Kofo na ƙauye da yawa ba su da ko littafin rubutu, na sama kuwa ba sa fita sai an sa musu mai a mota, kuma mai kuɗin mai sau da yawa shi ne mai laifin. A 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ko wane ne ke zaune a kujerar, burtali yana cikin amanar da ke wuyansa.

Akwai kuma wani nauyi da ya ƙaru. A da, in an saki gonaki garkuna suna wucewa kudu su shiga Katsina da Zamfara su yi rani. Ta'addancin da ya mamaye dajin Rugu da kewayensa, da rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019 da kuma 2023, sun sa makiyaya da yawa sun rage wannan tafiya. Dabbobin da ya kamata su wuce sai su daɗe a ƙasar Tasawa da Mayahi, a kan filin da ko dabbobin gari bai ishe su ba.

Namu laifin

Yanzu bari mu zo gida, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wane ne ke sayen gonaki a ƙauye in talaka ya shiga matsi? Alhajin birni ne da babban ma'aikaci. Kuma mai sayen gona da kuɗi ba ya jin kunyar maigari yadda ɗan gari ke ji. In ya ga hurumi kusa da gonarsa sai ya haɗa, ya nemo takarda. Wane ne ke da manyan garkunan da ke yawo yau? Bayan 1984 shanu da yawa sun fita hannun Fulani da Bugaje sun koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata, makiyayi ya zama ɗan ƙwadago a bayan dukiyar wani. Mun maida saniya asusun ajiya, muna ƙirga kawuna, ba mu taɓa tambayar abin da suke ci ba.

Wane ne ke tura amalanke da mota su kwashe haki da kara tun kaka, a tara, a jira watan da saniyar talaka ta kasa tashi a sayar ninkin ba ninki? Wane ne ke turkar raguna a birni don Layya, ko don kasuwar Mai'aduwa, da harawar da a da take zama a gona? A zamanin da, manomi yana roƙon Bafulatani ya sauka gonarsa da rani, ya ba shi dammunan hatsi, shanu su ci kara su bar taki. Yau kara ya zama kuɗi, gona ba ta samun taki, makiyayi ba ya samun kara, zumuncin da ke tsakaninsu ya koma ƙiyayya. Wane ne ke sayen kaba mota-mota ba ya tambaya ko ta isa yanka? Kuma tuwon gidan wa ake dafawa da itacen da aka sato daga hurumi, alhali tun 2011 matatar Damagaram tana fitar da gas, kuma mai albashi ya fi kowa ikon sayen tukunyarsa?

Ba na cewa ciniki haramun ne. Turka sana'a ce mai kyau, sayar da haki yana ciyar da gidaje, kuma matar da ke yankar kaba ba ta da wani abin yi. Abin da nake cewa shi ne ɗan kasuwar kirki ba ya cin uwar kuɗinsa. Haki, kaba da itace riba ce. Ƙasa da iri da saiwa su ne uwar kuɗi. Mun shekara talatin muna cin uwar kuɗi muna kiranta riba.

Abin da za a iya yi

Maganin garmani sananne ne, kuma an gwada shi a wurare da dama cikin jihar, har da shirye-shiryen da asusun FIDA ke tallafawa. Ana tuge shi da damana kafin ya yi iri, a kafta ƙasa, a watsa irin kyasuwa, komayya da gadagi, wani wuri a shuka yakuwa wadda ke rufe shi ta hana shi rana. Inda ƙasa ta zama faƙo a haƙa rabin wata don ya tare ruwa. Daga nan a hana dabba shiga damana biyu ko uku har ciyawa ta zubar da iri. Aikin ba shi da wuya. Inda ake faɗuwa shi ne bayan an gama: an biya mutane kuɗin aiki, an ɗauki hoto, shiri ya ƙare, mai gadi ya tafi, irin garmani da ke kwance cikin ƙasa ya sake tashi.

Darasin gona shi ne darasin burtali. Gawo ya dawo domin an san mai shi. Burtali ba za a ba mutum ɗaya ba, amma ana iya ba shi masu shi da aka sani da suna. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a cikinsa, suna zagayawa, suna da tarar da kowa ya yarda da ita, kuma abin ya riƙe. Abin da aka yi wa itacen gona ana iya yi wa hakin hurumi. Kowane yanki na burtali a damƙa shi ga garuruwan da ke bakinsa tare da arɗon makiyayan da ke bi ta nan, a rubuta a gaban sarki da Kofo, a faɗi watan da ake rufewa, da watan da ake buɗewa, da inda manjagara ba ta shiga. In ba a sa makiyayi baƙo cikin shawara ba, ranar da ya iso da garkensa zai ga shinge ne kawai, kuma rikici zai tashi.

Ga hukuma, abu uku. Ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin kowace dabba a kasuwa ta ware wani kaso sananne na wannan kuɗi don burtali da mashaya, ta kuma liƙa lissafin a bango kowa ya gani. Kofo ta zagaya turaku kowace shekara kafin shuka, domin hana mutum shuka ya fi sauƙi bisa tuge masa hatsin da ya yi kai. Ranar sakin gonaki kuma a tsaida ta da shawarar manoma da makiyaya, a sanar a rediyon karkara da kasuwanni, kada wani ya ce bai ji ba.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci kuwa, abin da ke hannunmu ba ya bukatar taro. Kafin ka sayi gona ka tambayi Kofo iyakarta, in ta ci burtali ka janye. In kana da dabbobi ka shuka abincinsu a gonarka, wake da dawa da gamba a kan iyaka, kada ka dogara ga hurumin talakawa. In kana sayen kaba ka goyi bayan masu barin tsiro ɗaya cikin kowane kurmi ya tashi. In kai ne ke riƙe da hatimi a ofis, ka tuna cewa takardar mallakar da ka sa wa hannu a kan hurumi, wata rana a asibiti ko a maƙabarta za a biya kuɗinta.

Da za mu rabu da dattijon nan, ya nuna mini wata ƴar kusurwa a gefen gonarsa inda ya bar gamba kamar taki goma, ya kewaye ta da ƙaya. Ya ce da ita yake saƙa zana, kuma duk shekara yana tara irinta cikin tsohon buhu, ko Allah zai kawo ranar da gari zai yarda a maida ta burtali. Iri yana nan, masu karatu. Saura yarda.

Waɗanda ke ƙasar Korgom, Urafan, Maijirgi, Kanambakashe da Mayahi, ku rubuto mana halin da burtulanku suke ciki, da sunan wurin da abin da kuka gani da idonku, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.